Shafi na Huɗu

Ofishin yana bene, kan titin Ahmadu Bello,
saman shagon mai gyaran tabarau.
Matakala ashirin da ɗaya, na ƙirga.
Ɗanliti yana bayana, bai ƙirga komai ba,
sai huci yake
kamar tirelarsa a Hawan Kibo.

Kwana tara bai kira ni ba
tun daren da na ce mu ga lauya kafin a ɗaura.
Ya ce, "Lantana, ɓarawo kika ɗauke ni?"
Na ce, "Ban ɗauke ka komai ba tukuna. Shi ya sa."

Gwaggo Asabe ta ce na ɗinka wa aure likkafani
tun bai fara rarrafe ba.
Ita ba ta nan
ranar da ƙannen Baba suka zo da sabon kwaɗo.
Inna ce ta gina shagon, da ribar kabeji da karas,
da asubahin da sanyi ke tsaga mata diddige,
amma sunan Baba ne a kan rasit.
Shekarata sha ɗaya.
Ni na tsince mata mayafi daga ƙasa.

Barista Kaneng ta zuba mana shayi a kofi mai karyayyen hannu.
Ta ce, "Addininku ya riga ni faɗa:
abin mace nata ne.
Ni masu mantuwa nake rubuta wa."
Sai ta ce mu zazzage komai a kan tebur,
har abin da ake jin kunya.

Na zazzage.
Rumfa biyu a Farin Gada.
Fili a Rikkos, da bulo ɗari uku da ciyawa ta cinye.
Adashin da na ɗauka ban gama zubi ba.
Shi kuma rabin tirela, rabin na yayansa ne,
da bashin taya shida a Bukuru.
Ya faɗa yana kallon fanka.

Ta ce masa, "Malam, ita ta ɗauke ni aiki.
Kai wa wani ya karanta maka kafin ka sa hannu."
Ya gyaɗa kai. Ya yi shiru.
Na fara lissafin akwatunan lefe da zan mayar.

Sai ya sa hannu cikin aljihu
ya fito da takardar lodi, ninki huɗu, duk baƙin mai.
A bayanta, da biro, da rubutunsa mai kama da sawun kaza:
Zinatu, shekara tara.
Kuɗin makarantarta daga kasona, ko ina raye ko babu.
Keken ɗinkin uwarta, da gadon, da kwanukan da ke cikin kabad,
nata ne.
Ko ni, ko ke, ko 'ya'yan da za mu haifa.

Bai kalle ni ba.
Ya ce, "Ni ma ba muguwa na ɗauke ki ba."

Ashe kwana taran nan rubutu yake,
a Lokoja, a Akwanga, duk inda injin ya huce.
Ashe kowa da kwaɗon da yake gani a mafarki.

Barista ta miƙe takardar da gefen hannunta
ta ce wannan zai zama shafi na huɗu.
Ta faɗi kuɗin aikinta.
Muka yi tsaki tare, karo na farko da muka yi abu tare a wannan watan,
muka raba biyu.

Da muka sauko, hadari ya taso daga wajen Shere.
Ya sayi masara gasasshiya guda ɗaya,
ya karya, ya auna da ido,
ya miƙo mini babbar.
Ya ce, "Wannan ma sai an rubuta?"

Na ce, "Wane launi Zinatu take so?
Anko ya kusa ƙarewa a wurin tela."