Jirgin da Ke Ya da Zango a Kumo

Taswirar tana bayan kalandar wani banki
da na rataye sama da keken ɗinki
tun shekarar da rufin shagon nan ya fara yoyo.
Yau bayan azahar, da aiki ya lafa,
na sauko da ita, na zaro tef daga wuyana.

Daga Dubai zuwa Gwanzu:
inci huɗu da rabi.
Ko aljihun kaftanin yaro bai kai ba.

Babayo mai sa maɓalli ya yi dariya, ya latsa waya.
"Baba, ya kusa kilomita dubu shida,
awa takwas a sama, in iska ba ta yi gardama ba."
Awa takwas kacal?
Ni da na taɓa kwana a hanyar Dukku
saboda taya ɗaya.

Zuwaira na Dubai, tana jinyar tsofaffin wasu.
Safiyanu na Gwanzu, yana cika kwantena da takalma.
Masu karɓar ɗinki kan ce,
"Ai ka huta, nahiya ɗaya suke,
wa na kusa da ƙanwa."
Sai in sa allura a baki
don kada amsa ta fito.

Damina uku ke nan ba su gaisa ba.
Kan gonar mahaifiyarsu ta Pindiga:
shi ya ce a sayar,
ita ta ce sai dai bayan ranta.
Gonar da ko buhu shida na gero
ba ta taɓa cikawa ba.

Su da na yanka wa kaya daga turmi guda,
ragowar na yi wa uwarsu ɗankwali.
Su da ke kwana tabarma ɗaya,
tsakaninsu bai kai taƙi ba,
ƙafar wannan a haƙarƙarin wancan.

Yanzu ita ke kira bayan isha'i:
"Yana cin abinci kuwa?
Ka san cikinsa ba ya shiri da maiƙo."
Shi kuma da asuba, can rana ta take:
"Tarin nan nata ya sake ta?
Kar ka ce ni na tambaya."

To, Babayo, wayarka ta yi kuskure.
Duk abin da ya tashi daga Dubai zuwa Gwanzu
sai ya sauka a Kumo tukuna,
garin da ba shi da filin jirgi,
a kan teburin nan, tsakanin almakashi da ƙyallaye.
Ni ke sauke kayan,
ni ke cire ƙayar da ke ciki,
ni ke sake ɗorawa.

Na zura farin zare a allura,
na soka Dubai, na ɓullo ta Gwanzu.
Takardar ta tsufa, ta ɗan yage a bakin teku.
Ban ja ba.
Shekara arba'in ina ɗinki,
na san abin da ja ke yi wa tsohon yadi.

Na bar zaren da sako-sako,
na mayar da kalandar kan ƙusarta.
Ga wani can ya tsaya a ƙofa
da wando a hannu, yana son a rage tsawo.