Sawu a Kilomita Casa'in

Ƙarfe huɗu na asuba a bayan Río Grande,
iska na dukan ƙofar kwantena kamar mai bin bashi.
Na ɗora ruwan mate a wuta,
na zauna gaban allo da safa biyu a kowace ƙafa.

A waje eriyoyi na tsaye cikin ciyawa,
sanduna gicciye, ba ganye, ba inuwa.
Suna ƙwala wa sama kira ɗaruruwa a daƙiƙa guda.
Rada ake ce wa na'urar,
kuma raɗa ce take dawo mana da ita.

Ga ɗigo a allo.

Abin da ya shigo bai kai ƙwayar yashi ba.
Ya sha tafiyar da ba mai lissafinta,
ya iso kilomita casa'in bisa tumakin Don Eusebio
ya ƙone ƙurmus.
Ban gan shi ba. Gajimare ya rufe tun Talata.
Amma ya gogi iska har ta ɗauki lantarki,
ya bar zare siriri a bayansa,
zaren ne ya maido mana da kiranmu.

Rabin daƙiƙa, sau da yawa ko hakan bai kai ba.
A ciki nake auna nisa, in auna gudu,
in ga yadda iskar can sama ta ja zaren gabas
kafin ya watse.

A watan Agusta tunkiyarsa ta tauna mana waya,
kwana uku muna kurame.
Ya zo ban haƙuri da cinyar rago a buhu,
ya leƙa allon, ya ce, Nélida, me kike farauta?
Na ce sawu.
Ya ce sawun dila yakan kwana biyu a dusar ƙanƙara,
naki wane iri ne da ba ya jiran mutum ya sunkuya?

Har yau ban ba shi amsa ba.

Mahaifiyata in ta ga tauraro ya tsinke
sai ta runtse ido ta roƙi abu ɗaya.
Jiya na ƙirga dubu goma sha ɗaya da ɗari huɗu,
har da na tsakar rana,
ban roƙi komai ba sai kada janareta ya mutu.

Gari na wayewa, ɗigon na ƙaruwa,
duniya ta juyo da goshinta wajen da take tafiya.
Ruwan ya tafasa ya huce.
Na sake ɗora shi.