Agogon Cikin Jini

Shekara talatin a bakin Babbar Kasuwa,
tebur guda, gilashi a ido guda,
ina buɗe cikin agogo kamar mai ɓarar gyaɗa.
Duk Maraɗi ta san ƙusa ba ta kuɓuce wa Shaibu.

Bara, bayan layya, ƙusa ta fara ɓuya.
Na ce fitila ce. Na canja fitila.
Baƙaƙen ƙudaje suka cika mini ido,
na kora, na kora, ba su tashi ba.
Sai ƙafa ta bi sahu.
Ƙasar Bagalam da na sani tun ina rarrafe,
in taka, in ji kamar auduga aka shimfiɗa.
In na rufe ido wajen alwala, sai in tafi luu.
Tsawa takan sauka a ƙwaurina
ba hadari, ba gajimare.

Aka ce sammu ne, aka nuna maƙwabcin tebur.
Na sha sassaƙe daga Tibiri,
na daina gaida Ɗanjuma, bai ji ba bai gani ba.

A babban asibiti wata 'yar likita
ta haska mini tocila, ƙwayar ido ta ƙi motsi.
Ta ɗebi jini, ta ɗebi ruwan gadon baya.
Ta rage murya: "Baba, ka taɓa yin ƙurji can ƙasa,
marar zafi, ya warke don kansa?"

Na yi. Shekarar da na je Kwatano sarin batir.
Da ya ɓace har hamdala na yi.
Ashe tunjere ne ya shiga ya ja ƙofa,
ya wana kansa, yana tafiya a jinina,
shekara goma sha tara,
ni da ke jin tarin agogo daga taki uku
ban ji shi ba.

Kwana sha huɗu ana ɗura mini magani a jijiya,
duk awa huɗu. Ni ke tuna wa nas lokaci.
Idon dama ya dawo rabi.
Na hagu ya tafi da kayansa.

Mai wuyar ba allura ba ce.
Ga Habsu zaune tana fifita kunu,
takardar gwajinta na aljihuna, ninki huɗu.
Na tuna cikin nan biyu da suka zube
aka ce iska ce.

Na kira sunanta. Ta ce, "Na'am?"
Agogon bango ya buga tara.
Yana gaba da minti uku.
Minti ukun nan kaɗai suka rage mini.