Ɗan Tagulla na Kufena

A gefen Kufena, inda geza ta kama dutse da farce,
nan nake ajiye guduma in rana ta take.
Nan na fara ganinsa,
autan malam-buɗe-littafi.

Bai kai faɗin ƙumbar babban yatsana ba.
In ya rufe littafin, sai ka ce ɓawon dutse,
toka-toka, da ɗigo kamar bayan zabuwa.
In ya buɗe, to, ga tagulla,
irin ta munduwar da Inna Tabawa ta bari a ƙasan adaka.

Ba ya cin sama kamar manyan danginsa.
Taku uku, ya sauka. Taku biyu, ya dawo
kan tsakuwar nan tasa, ita dai,
ya baje fiffike yana shan ɗumi.
Wani namijin ya gifta, sai kokawa a iska,
walƙiya biyu ƙanana, sannan tsit.

Macen ba ta da lokacin wasa.
Na ga ta bi reshe da ƙafa tana lalube,
ba fure take nema ba, turbar kiyashi.
Inda suka ja layi, nan ta ajiye ƙwai,
ɗaya tak, bai kai ƙwayar acca ba.

Ɗantani ya ce ƙarya nake,
sai da muka ɗaga wani ɓarin dutse, dawa ta kai gwiwa:
ga tsutsa kwance, koriya shar,
kiyashi kewaye da ita kamar makiyaya da saniyar tatsa.
Tana ba su zaƙi ta baya, su kuma suna gadi.
Da dare su raka ta kiwo, da asuba su koro ta gida.
Ɗantani ya mayar da dutsen a hankali,
shi da bai taɓa sauke dutse a hankali ba.

Jiya mai tifa ya nuna gefen nan da baki,
ya ce lodi goma ne, ko fi.
Na ce masa dutsen ruɓaɓɓe ne, ba ya gini.
Allah Ya yafe mini, lafiyarsa ƙalau.

Yau da hantsi ya sauka a kan ƙotar gudumata,
daidai inda zufa ta jiƙa icen.
Ya sha gishirina.
Ya buɗe, ya rufe, ya sake buɗewa.
Ni da ban yi nisa a karatu ba,
na tsaya har ya gama shafin.