Rarar Yadi

Shekara talatin da ɗaya ina ɗinki a ɗakin ƙasa,
ƙarƙashin makarantar rawar bale, nan Kutaisi.
Da kunne nake kallon rawar:
dif, dif, ƙananan dugadugai a kan katako,
ƙurar rufi na zubo mini cikin shayi.

Ran Talata ake sauko da su awo.
Su jeru da safa, gashi ɗaure tamau a ƙeya
har gira ta ɗaga kamar masu mamaki.
Ni in faɗi lamba, Malama Eteri ta rubuta.
Ita ko tef ɗina ba ta bukata,
ido ba mudu ba, amma nata ya san kima.

Tekla shekararta tara.
Na zagaya mata tef a ƙugu
sai cikin ya guje wa hannuna.
Ta haɗiye numfashi ta riƙe
har haƙarƙarinta ya ƙirgu.
Na ce, saki mana, 'yata.
Ta ce, Inna Tsiala, na Barbare nawa ne?

Wa ya koya mata wannan tambaya?
Ko madubin sama, da ya cinye bango guda?
Ko iyaye mata a bencin baranda,
jaka bisa cinya, murya ƙasa-ƙasa:
wuyan wance, cinyar wance,
ai waccan ƙashin ubanta ta ɗauko.

Akwai farar riga guda ta mai jan gaba.
Ni na ɗinka ta, shekarar da na zo,
a jikin wata Nestan mai raba tuffa ɗaya ci biyu.
Yanzu tana sayar da magani kusa da gadar Rioni,
in hadari ya haɗu takan ɗingisa.
Tun daga ita, duk shekara
sai a nemo wa rigar yarinya.

Kakar Tekla kan kawo mata burodin cuku da zafinsa.
Sau uku ina tsintarsa a kwandon ƙyallayena,
ko gutsura babu,
maiƙo ya huda takardar har ana ganin hannu.

Daren Alhamis na sauko da rigar.
Uwata ta ce mini tun ina koyo,
rigar yaro a bar mata yatsa biyu a ciki,
yaron gobe ya fi na yau.
Ashe na bari, na manta.
Na bi ɗinkin da bakin almakashi, zare-zare,
yadin ya fito daga maɓoyarsa
fari fat, ya fi na waje haske,
bai taɓa ganin fitila ba.
Na mayar da ɗinki, na goge shatin,
na rataye ta inda take.

Da safe zif ya haye bayan Tekla sumul,
ko tsayawa shan iska bai yi ba.
Malama Eteri ta ja da baya, ta karkata kai:
Kin gani? Haƙuri ya biya. Kin rage.

Fuskar yarinyar ta kama kamar an kunna ta.
Ta dafa cikinta da hannu biyu,
ta yi masa godiya.

Ni ina durƙushe, allurai cike da baki.
Da su na fake.

Yanzu suna sama, fiyano ya fara.
Na san saukar kowacce:
Barbare kamar kyanwa, Nutsa da gefen ƙafa,
Tekla kuwa da dukan jikinta take dira,
ita kaɗai ke sa cokalina rawa a kofi,
kuma wallahi ita nake jira.

Yau ma burodin na kwando.
Na ɗora shi kan hita kada ya huce.
Ƙarfe biyar za ta sauko ɗaukar jakarta.
Ina ta juya maganar a baki
kamar zaren da ya ƙi shiga allura.