Bishiyar Madam Solange

Daren Laraba, a ajin manya na Mulhouse,
Madam Solange ta zana bishiya a allo,
ta ce kowa ya rataye danginsa a reshe.

Père da mère sun wuce sumul.
Frère ne ya maƙale mini kamar ƙayar kifi,
sai da na yi tari ya fito.

Na ce, ƙanin uwa fa?
Ta ce oncle.
Ƙanin uba?
Oncle.
Af!
Kawu Rüstem da ya goya ni zuwa asibitin Sivas cikin ƙanƙara,
da baffan da ya cinye mana gonar gado,
riga ɗaya za su sa?
Na rubuta ɗaya da biro,
ɗayan da fensir.

Aka zo kan surukai.
Belle-mère, wai uwa kyakkyawa.
Aji ya kwashe da dariya, ban da ni.
Shekara huɗu da ɗana ya auri Maëlle,
"ke" kawai nake ce mata.

Belle-fille.
Na yi ta tauna shi a jirgin titi,
bakina cikin gyale.

Ran Lahadi ta buɗe ƙofa, hannu duk fulawa.
Na faɗa, a karkace.
Ba ta gyara mini ba.
Ta ɗora tafina a kan cikinta,
ta ce, Nevriye, saura guda:
mamie.

Babu wannan a allon Madam.
Da kaina na ƙara reshen.