Injin Shanya Ya Yi Shiru

Kwana tara ke nan ruwa bai ɗauke ba a Bergen.
A nan rana baƙuwa ce, ba a yin wanki da sunanta.
Na zuba jiƙaƙƙun kayan jikana Sindre cikin ganga,
wandon makaranta, safa bakwai,
da rigar ulu mai ƙarnin bakin teku.
Na danna maɓalli.
Shiru, kamar an shuka dusa.
Na sake dannawa da ƙarfi,
sai ka ce ƙarfi ya taɓa lallashin ƙarfe.

Gunvor ce ta san halinsa.
Shekara goma sha tara tana jin tarinsa kafin ya yi,
ni kuwa iyakata in kwashe kaya da ɗuminsu.
Hunturu biyu ke nan da muka kai ta makwanci,
injin bai taɓa tambayata ina take ba
sai yau.

A bayan ƙofar kabad na tarar da takardarta,
rubutun ya karkata kamar ciyawa a iska:
Oddvar, fara da abin da wawa zai fara.
To, na fara.
Fulogi na cikin soket, daram.
Na jona fitila a wurin, ta kama.
Na sauka ƙasa da tocila a baki,
akwatin wuta lafiya lau, ba abin da ya faɗi.

Ta ce: saurari ƙofa.
Na buɗe, na rufe, na kasa kunne
kamar mai laɓe a ɗakin da ba nasa ba.
Ƙas! Ɗan harshen ya amsa.
Ashe ba shi ne mai laifin ba.

Ta ce: zare wuta kafin ka taɓa bayansa,
ba na son ganinka da wuri.
Na yi dariya ni kaɗai, har ta sarƙe ni.

Na ja shi daga bango, gwiwa na ƙara, shi ma yana ƙara.
Ga maɓallin riga, ga tsohon kuɗi,
ga ƙura ta yi gashi.
Kusoshi shida, ɗaya ya gudu ƙarƙashin kwatami.
Can na gan shi, ɗan farin fis,
bai kai ɗan yatsana ba.
Na ɗora masa wayoyin mita biyu,
allura ko gezau.

Amma layin ƙarshe ya hana ni murna:
fis ba ya mutuwa a banza, nemi abin da ya kashe shi.
Na ɗauki tsani na fita cikin ruwa,
maƙwabciyata Torunn na leƙe ta taga tana girgiza kai.
Na zura hannu cikin bututun iska,
na zaro audugar shekaru, curi guda,
da tsohuwar sheƙar tsuntsu, masu ita sun daɗe da tashi.
Zafi ya rasa hanyar fita,
ɗan ƙaramin ya ƙone
don kada gida ya ƙone.

Shago a rufe sai Litinin.
Na zazzage gwangwanin kofi da take tara tarkace,
ƙusa, roba, makullin da ba ya buɗe komai,
sai ga wani fis a ƙulle cikin leda.
Ba ta rubuta komai a kansa ba.
Na juya shi, na sake juyawa, ko zan ga harafi ɗaya.

Ƙarfe sha ɗaya na dare ganga ta juya.
Zif ɗin wando na bugun ƙarfe, ƙwas, ƙwas,
ɗumi na tasowa a hankali.
Na zauna a ƙasa na jingina da shi, rigata sharkaf.
Sindre na barci a sama.
Safa ta takwas har yanzu ban gan ta ba,
ƙusa ta shida kuma sai gobe.